Alkawarin Madugu a Mashigin Gulbi

Duk wanda ya tashi a gidanmu yakan haddace kirarin kakanmu na fari, Madugu Shekarau, tun bai iya alwala ba. Mai jaki dubu, mai rumbu ɗari, namijin da ya tare mashigi da ƙirjinsa. Haka muka taso muna hura hanci a unguwa, har ranar da gara ta cinye gindin akwatin kakata, aka zazzage shi a tsakar gida, wata tsohuwar gafaka ta faɗo. Takardun gidan ne a ciki, rubutun Malam Cindo, magatakardan Madugu. Akwai sunayen fataken da suka bi ayarinsa zuwa Gwanja, da gonakinsa na auduga da baban rini, da sunayen mutanen da ya mallaka, kowa da uwarsa da shekarar da ya shigo hannu. Wata biyu na yi ina bin rubutun da yatsa. Abin da zan faɗa daga can na tsamo shi, kuma ban ji daɗin abin da na tsamo ba.

A zamanin Sarki Bagudu na Birnin Tsaraka babu attajiri kamar Madugu. Rinjinsa, wato ƙauyen da bayinsa ke zaune suna yi masa noma, yana bakin Gulbin Maraya, tafiyar rabin yini daga birni. Nan mashigi yake, kuma idan gulbin ya cika babu inda doki zai ƙetare sai nan. Mutum ɗari biyu da arba'in ne a rinjin, maza da mata, tsoho da jariri, kuma mai kula da su shi ne sarkin gandu Nasamu.

Nasamu a gidan aka haife shi. Uwarsa Tabawa kamo ta aka yi daga duwatsun kudu tana budurwa. A watan da ta haifi Nasamu uwar Madugu ta rasu wurin haihuwa, sai aka miƙa mata jaririn, ta shayar da su biyun, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Har furfura ta fito masa Madugu bai daina ce mata Inna ba, kuma duk sallah yakan aika mata da zane. Ita kuwa ba zane take so ba. Abu ɗaya take roƙo, kada ta mutu tana baiwa. Nasamu ya kai maganar gaban Madugu ba sau ɗaya ba, kullum amsar ita ce, a bari ayari ya dawo. In za a yi masa adalci, ba mugu ba ne. Mutum ne da sakin abin da ke hannunsa yake yi masa wuya, ko da tsinken sakace ne. Ayari ya je ya dawo sau goma sha ɗaya, Tabawa tana nan yadda take.

A ƙarshen daminar shekara ta goma sha biyu, ran wata Alhamis, aka wayi gari ƙudan zuma sun yi gida a cikin babban tambarin Sarki. Liman ya ce alheri ne, tun da zuma waraka ce. Wani tsohon bafade da ba a cika sauraronsa ba ya ce shi dai abin da ya gani, masu wahala wani ya sha sun zo ƙofar Sarki da magana. Aka yi masa dariya. Kafin azahar manzon Sarki Ragau na Dambara ya sauka a ƙofar fada, ya ƙi cire takalmi.

Ya ce, "Ubangijina Ragau, mai Dambara da abin da ke bayanta, yana gaida Bagudu. Ya ce jakunan goro ɗari huɗu na Madugunku da suka biyo ta ƙasarsa sun iso hannunsa lafiya, ya gode. Ya ce nan da kwana shida zai shayar da dokinsa a Gulbin Maraya, ya yi sallar Juma'a a masallacinku. Ya kuma sa an yi shela, duk bawan Tsaraka da ya ƙetaro ya nuna masa hanya, ya zama ɗa daga ranar."

Madugu na zaune cikin attajirai lokacin da ya ji. Duk abin da ya tara na fatauci yana kan jakunan nan. Gumi ya jiƙa masa rawani.

Da aka fitar da manzo, Sarki ya dubi majalisa ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Kaura Jatau, shugaban yaƙi, ya fara.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Ragau ya fi mu dawaki sau uku. Idan na tsaya masa gaba da gaba a fili, zai bi ta kanmu kafin a sha ruwa. Amma idan aka riƙe mini mashigi daga hantsi zuwa azahar, zan hau da dakaru can sama, masunta su ƙetarar da mu a jiragensu, in faɗo masa ta baya. Sai dai ba ni da mutanen da zan bari a mashigin. Waɗanda suka san ruwan nan kamar tafin hannunsu, suka san inda yashi ke ɗaukar ƙafa da inda taɓo ke haɗiye ta, suna rinjin Madugu. A ba su baka da mashi."

Galadima Barau ya gyara zama. Rinji uku gare shi, kuma ya yi karatu daidai gwargwado, abin da ya sa maganarsa kullum takan fito a wanke.

"Allah ya taimaki Sarki. Kaura jarumi ne, amma bai taɓa kwana da bawa a gandu ba. Wanda aka yi wa shelar 'yanci daga wancan gaɓa, shi za mu ɗanka wa mashi mu tsayar a wannan gaɓa? Ran nan za su karɓi Ragau da guɗa, su riƙe masa linzami har ƙofar gari. Ni a ganina a kwaso su yau, a shigo da su birni a ɗaure, a ƙone rumbunan don kada abokin gaba ya ci."

Kaura ya ce, "Sannan wa zai tsaya a mashigin, Galadima? Kai?"

Fada ta ɗauki hayaniya, sai da Shamaki ya buga sanda. Sarki Bagudu ya juya wurin Madugu ya ce, "Mutanenka ne. Me ka sani game da su?"

Madugu ya faɗi ya yi gaisuwa. "Zaki, ni na san adadinsu. Wanda ya san zuciyarsu sarkin ganduna ne."

Aka tura mahayi, washegari da hantsi Nasamu ya shigo fada da ƙurar hanya a ƙafarsa. Bai taɓa shiga ba. Ya durƙusa nesa, ya zuba ƙasa a ka, Shamaki ya gaya masa abin da ake nema. Nasamu ya sunkuyar da kai ya ce:

"Allah ya ba Zaki nasara. Mashigi zai riƙu. Turakun da ke nuna hanya a cikin ruwa mu muka kafa su, mu ne kuma za mu iya matsar da su. Amma shelar Ragau ta riga ta isa rinji, mata ma sun ji a wurin ɗiban ruwa. Ba zan iya ce wa mutum ya tsaya kibiya ta same shi a kan gonar da ba tasa ba, alhali ga wani can yana miƙo masa kansa kyauta. Idan ubangijina zai ba mu abin da Ragau ya ce zai bayar, mun fi son mu karɓa daga hannun da muka sani. A 'yanta rinji, babba da yaro, mu kuma mu riƙe ruwa."

Galadima ya ce, "Kun ji ko? Tun ba a ba shi mashin ba ya fara ciniki da Sarki."

Sarki bai kula shi ba. Ya ce, "Madugu, dukiyarka ce, ba na ƙwace ta. Amma idan Ragau ya ƙetare, babu rinji babu birni."

Malam Cindo ya rubuta cewa Madugu ya dubi Nasamu kamar yau ya fara ganinsa, sannan ya ce, "Na ɗauki alkawari a gaban Zaki da majalisarsa. Zan 'yanta su duka." Kaura ya yi kabbara. Alƙali Sidi ya ce to a kawo tawada yanzu a gama, Madugu ya ce a bari ya je gida ya kimtsa, gobe da safe zai zo da kundin sunaye.

Da la'asar ɗin nan Galadima da kansa ya taka zuwa zauren Madugu, abin da bai taɓa yi ba. Malam Cindo na gefe yana feƙe alƙalami.

"Madugu, ni da kai abu ɗaya muke ci, shi ya sa na zo. Alkawari ka ɗauka, ban ce ka karya ba. Amma ka yi tunani. Idan ka 'yanta su gobe, saura kwana huɗu kafin Ragau ya iso. Me zai tsayar da ɗa kwana huɗu yana jiran mutuwa? Kowa zai ɗauki tabarmarsa ya kama hanyar garin uwarsa, ka wayi gari babu bawa babu mai tsaron mashigi, Sarki kuma kai zai tuhuma. Riƙe kalmarka a baki. Ka tafi da su fagen fama, ka furta ta a can, a gaban kowa, lokacin da babu sauran wurin gudu."

Maganar ta yi wa Madugu daɗi, domin ta dace da halinsa. A gefen wannan shafin Malam Cindo ya ƙara layi ɗaya da ƙaramin rubutu. Ya ce ya tuna wani hukunci da ya karanta a littafi game da mai tsayuwa a sahun yaƙi, ya buɗe baki zai faɗa, Galadima ya dube shi, sai ya ci gaba da feƙe alƙalaminsa. Ko shi Galadima ya san hukuncin, malamin bai rubuta ba. Ni dai na san wanda yake da rinji uku ba zai so a ga an saki na maƙwabcinsa gaba ɗaya ba.

Washegari Madugu bai je wurin alƙali ba, ya hau doki ya nufi rinji. Ya tara mutane a gindin rimi ya ce alkawari na nan, ranar yaƙi zai cika shi da bakinsa.  Nasamu ya matso kusa yadda ba mai ji sai su biyu da Malam Cindo.

"Ranka ya daɗe, ka yi yau. Wallahi babu mai tafiya. Ni na tsaya musu."

"Na san kai ba za ka tafi ba. Sauran fa?"

"To ko Inna kaɗai. Ita ina za ta gudu, da ƙafar da ba ta kai ta bakin rijiya?"

"Idan na fara da ita, kowa zai kawo mini tasa uwar. Kwana huɗu ne, Nasamu."

Tabawa na zaune a ƙofar bukkarta tana kaɗi. Madugu ya je ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya saba. Ta ce, "Shekarau, tun kana goye haka kake, sai ka ƙoshi ka riƙe nonon ka hana ɗan'uwanka. Je ka, Allah ya tsare. Na jira shekara hamsin, kwana huɗu ba za su kashe ni ba." Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Kwanakin nan rinji bai huta ba. Maza suka shiga ruwa da rana tsaka kamar masunta, suka tumɓuke turakun mashigi ɗaya bayan ɗaya, suka sake kafa su taku talatin ƙasa da inda suke, inda ruwan yake kwance lumui amma ƙarƙashinsa taɓo ne mai kai wa ƙirjin doki. Mata suka fasa bakin magudanan fadamar shinkafa, ruwa ya malale gaɓar duka, sai tudu ɗaya siriri da aka bari, inda maza casa'in za su tsaya. Baka arba'in kacal Kaura ya iya ba su. Sauran suka wasa galma da gatari.

Ran Laraba da hantsi ƙura ta tashi a wancan gaɓa, kakakin Dambara ya yi kuka. Madugu na kan dokinsa a tsakiyar mutanensa, kuma wannan kam ba zan rage masa ba, ba wanda ya tilasta masa zuwa. Barade masu lifidi suka fara shigowa ruwa biyu biyu suna bin turaku. Sai da na gaba suka kai tsakiya ƙasa ta ƙi su. Dawaki suka lume suna haniniya, lifidi ya sha ruwa ya yi nauyin dutse, na baya suka hau kan na gaba. Nasamu ya ɗaga hannu, kibau suka sauka. Wanda ya samu ya rarrafo gaɓa, galma ta tarye shi.

Ragau ba yaro ba ne a yaƙi. Ya janye dawakinsa, ya turo dakaru a ƙasa suna taɓa gindin ruwa da mashi suna neman yashi. Ya kuma sa wani mai babbar murya ya hau kan suri yana kira.

"Ku bayin Tsaraka! Wa kuke mutuwa dominsa? Ga ubangijinku nan kan doki, ku kuna cikin laka! Ya 'yanta ku? Ku jefar da baka ku nuna hanya, yau ku kwana 'ya'ya!"

Kibau suka fara yin ƙaranci. Mutum biyu a gefen hagu suka ajiye baka suka dubi juna. Rana ba ta kai tsaka ba, babu alamar Kaura. Nasamu ya ruga ya kama linzamin Madugu.

"Yanzu, Shekarau! In ba yanzu ba, ba ni iya riƙe su."

Rabonsa da kiran sunan nan tun suna wasan ƙasa. Madugu ya miƙe kan likkafa, ya cire rawaninsa don kowa ya ga fuskarsa.

"Ku shaida, Allah ya shaida! Duk wanda na mallaka a rinjin nan, namiji da mace, wanda ke nan da wanda ke gida, na 'yanta shi saboda Allah! Babu bawa a cikinku!"

Malam Cindo ya ce bai taɓa jin ƙara irin wadda ta tashi daga tudun nan ba. Waɗanda suka ajiye baka suka ɗauka. Da kibau suka ƙare, suka shiga ruwan har gwiwa suka tari dakarun Dambara da gatari a daidai bakin yashi. Ana cikin haka kibiya ta sami Madugu a wuya, inda rawani zai kare da yana kansa. Azahar ta ɗan gota lokacin da aka ji tamburan Kaura a bayan Ragau, rundunar Dambara ta watse ta bar tutocinta a cikin laka. Mutum ashirin da bakwai na rinji ba su ga wannan ba. Madugu ya cika kafin la'asar, kansa a cinyar Nasamu. Abin da ya faɗa na ƙarshe shi ne, "Ka gaya wa Inna na cika."

Kwana bakwai birni na shagali. Nasamu ya sa aka fara ɗinka wa tsohuwa sirdin jaki mai taushi, domin ta ce tana so ta ga duwatsun garinsu ko daga nesa ne. Ran na takwas aka aiko Sarki na kiransa, da shi da manyan rinji. Ya ɗora Tabawa a jakin ya zo da ita, a zatonsa takarda za a ba su.

A fada ya tarar da Gwadabe, babban ɗan Madugu, zaune kusa da Galadima. Gwadabe shi ne kakan kakana. Ya kawo ƙara kan gadon ubansa. Alƙali Sidi ya saurari shaidu, Malam Cindo ya maimaita kalmar Madugu ba ragi ba ƙari. Alƙali ya tambaya, a ina ya faɗe ta? Aka ce a sahun yaƙi, kibau na sauka. Ya tambaya, ya fito daga yaƙin da rai? Aka ce a'a. Alƙali ya rufe littafinsa ya fuskanci Sarki.

"Allah ya taimaki Sarki, da na so a ce wani ne ke kan buzun nan yau. Mutumin da ya tsaya a sahun yaƙi, shari'a tana ɗaukarsa kamar mai ciwon ajali. Abin da ya bayar a wannan hali, idan bai fito da rai ba, hukuncin wasiyya gare shi, wasiyya kuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya bari. Da a zaurensa ya faɗi kalmar nan, ko a gindin rimin rinji kwana ɗaya kafin yaƙi, da babu mai taɓa ko jaririnsu. Ayarinsa ya tafi, ƙasar noma ta Sarki ce, abin da ya bari su ne mutanen nan. Kashi ɗaya ya 'yantu, za a fitar da shi da ƙuri'a. Kashi biyu na magada ne, sai fa idan magada sun yafe."

Kaura Jatau ya miƙe tsaye a gaban Sarki, abin da ba a yi. "Zaki, da waɗannan mutane ba su tsaya ba, da yanzu Ragau ne kan gadon nan, mu kuma muna kasuwa da igiya a wuya! A gabanka aka ɗauki alkawarin!"

Sarki ya ce, "Zauna, Kaura. Ba na tsallake shari'a." Ya juya wurin Gwadabe. "Ɗan Madugu, kalma ɗaya ce daga bakinka. Ubanka ya mutu yana ganin ya cika alkawari."

Gwadabe ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Allah ya ja zamanin Zaki. Da ni kaɗai ne, da na yafe tun kafin a tambaya. Amma mahaifina ya bar mata huɗu da 'ya'ya goma sha tara, wasu ba su yi wayo ba. Ba ni da ikon yin kyauta da abincin marayu. Abin da shari'a ta ba mu shi muke roƙo."

Sarki yana da taskar da zai iya fansar su duka. Ya dubi Galadima, ya dubi sauran masu rinji da suka cika majalisar, ya ce a yi yadda alƙali ya faɗa.

Aka ba Gwadabe kwana uku ya kasa mutanen kashi uku masu daidaita da juna, tun da kundin sunaye na hannunsa. Takardar rabon nan tana cikin gafakar, na riƙe ta da hannuna. Da farko ban gane komai ba, sai da na bi sunayen ina haɗa kowa da danginsa. Miji na kashi na ɗaya, matarsa na na biyu, 'ya'yansu na na uku. Babu gida ɗaya da aka bari a haɗe. Duk kashin da ƙuri'a ta fitar, wanda ya 'yantu zai bar nasa a baya, ba kuwa zai yi nisa ba. Wannan ba shawarar Galadima ba ce. Malam Cindo ya rubuta ƙarara cewa Gwadabe ne ya zauna ya tsara ta da kansa.

Ran ƙuri'a Malam Cindo ya karanta sunayen a ƙofar fada. Nasamu ya ji sunansa a kashi na ɗaya. Ya saurara har aka kai ƙarshen na uku, can ya ji na Tabawa. Alƙali ya rubuta 'yanci a takarda ɗaya, bauta a biyu, aka dunƙule kowace cikin yumɓu aka zuba a ƙwarya aka rufe da zane. Aka tsayar da wani baƙo mai sayar da kanwa da bai san kowa ba, aka ce ya sa hannu ya ɗauko wa kashi na ɗaya. Waɗanda ke kusa da Nasamu sun ji shi yana addu'a a fili, yana roƙon Allah ya sa bauta ce ta fito masa. Alƙali ya fasa yumɓun ya duba, ya ce kashi na ɗaya sun 'yantu.

Babu wanda ya yi guɗa. Nasamu ya rarrafa gaban alƙali.

"Allah gafarta malam, na ba ta nawa. A mayar da ni, a fitar da ita."

"Nasamu, 'yanci in ya sauka a kan mutum ba ya tashi, ba a kuma miƙa wa wani."

"Ita ta shayar da mamacin. Da nononta ya girma."

"Na sani. Nono yana hana aure, amma ba ya 'yantawa."

Sai ya juya wurin Gwadabe, yaron da ya koya wa hawan jaki. "Ranka ya daɗe, tsohuwa ce, ko daka ba ta iyawa. Ka faɗi fansarta, zan yi ƙodago in kawo."

Gwadabe ya ce, "Haba Baba Nasamu. Inna Tabawa kakarmu ce, wa zai sa wa kakarsa kuɗi? Ba ma rabuwa da ita. Tana nan a ɗakinta a rinji, ba abin da za ta nema ta rasa. Kai kuwa ɗa ne yanzu, duk inda ka so kana iya tafiya."

Kowa a wurin ya gane. Rinji ba ya tafiya sai da Nasamu, kuma ga igiyar da za ta riƙe shi ba tare da an ɗaura masa ita ba. Tabawa ta yi magana daga kan jakinta, ba ta ɗaga murya ba.

"Tafi abinka, ɗana. Ɗaya daga cikinmu ya samu, ya isa. Ka je ka gano mini duwatsun."

 Nasamu ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa, ya kama igiyar jakin ya juya shi ya fuskanci hanyar gulbi. Sannan ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, gobe wace gona za a fara?"

Gwadabe ya ce a fara da auduga.

Shekara shida Tabawa ta ƙara a duniya, ta rasu tana baiwar gidanmu, kuma a cikin shekarun nan Nasamu bai kwana ko sau ɗaya a wajen rinji ba. Audugar wannan kakar ta yi kyau ƙwarai. Da ita aka gina soron da aka haife ni a ciki.